Kundin Gyaran Tsohuwar Motar Alfarma: Abin da Ya Lalace da Abin da Ya Ci

9 ga Maris, 2024

Motar da wannan kundi zai bi diddiginta tsohuwar motar alfarma ce mai ƙofa huɗu, ƙirar shekarar 2003, mai injin V8 na fetur da giya mai canza kanta, wadda ke tura ƙarfi zuwa tayoyin baya, kuma mitarta na nuna ta yi tafiyar kilomita 212,000. Jikinta lafiyayye ne, fatar kujerunta ba ta yage ba, injin yana tashi da kik ɗaya ba tare da hayaƙi ba, kuma kuɗin da aka sayar mini da ita bai kai na ƙaramar mota mai shekara biyar ko shida ba. Wannan arahar ce ta sa na ga ya wajaba in riƙa rubuta komai, domin farashin irin wannan mota a kasuwa yana faɗuwa warwas da shekaru, amma kayan gyaranta da wahalar aikinta suna nan a matsayin motar da aka ƙera domin masu hannu da shuni.

Motocin wannan aji da suka fito tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da tsakiyar shekarun 2000 an ƙera su ne a lokacin da kamfanoni ke gasar cusa sababbin fasahohi. Mercedes-Benz ta fito da S-Class mai ƙafafun iska, wato shokozoba da ke aiki da iska a maimakon sifirin, a 1998, Lexus ta kawo LS 430 a 2000, BMW ta biyo baya da 7 Series mai tsarin iDrive na sarrafa na'urorin mota ta allo a 2001, Audi A8 da ta fara tun 1994 da gangar jikin alminiyam ta shiga zubi na biyu a 2002, sannan Jaguar XJ ta 2003 ita ma ta zo da jikin alminiyam da ƙafafun iska. Dukansu yanzu sun haura shekara ashirin, kuma roba da leda da wayoyi ba su san sunan kamfani ba idan tsufa ya zo, shi ya sa zan tsaya a kan sassan motar da yadda suke lalacewa.

Game da lissafi, na ɗauki kuɗin da na sayi motar a matsayin 100, kuma kowane aiki zan auna shi da wannan ma'auni, ta yadda mai karatu a ko'ina yake zai iya kwatanta shi da nasa.

16 ga Maris, 2024

Kafin a sayi ko da noti guda, an ɗaga motar a gareji an dube ta daga ƙasa, sannan aka jona mata kwamfutar bincike. A nan akwai bambancin da ya kamata mai irin wannan mota ya sani tun da wuri. Soket ɗin nan mai ƙofofi 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II, an wajabta shi a Amurka tun 1996, a Tarayyar Turai kuma tun 2001 ga motocin fetur, amma abin da doka ta tilasta a buɗe wa kowa shi ne bayanan injin da suka shafi hayaƙi, kuma ƙaramar na'urar da ake samu da araha iyakarta ke nan. Motar alfarma kuwa tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci da dama, ta giya daban, ta birki daban, ta ƙafafu, ta kujeru, ta ƙofofi da ta na'urar sanyaya ɗaki, duk suna magana da juna ta layin CAN, tsarin da kamfanin Bosch ya gabatar a 1986. Babu mai shiga waɗannan sai na'urar da ta san harshen ƙirar motar.

Da aka jona wadda ta dace, sai jerin lambobin matsala ya cika allo har yana gangarawa. Bakaniken ya ce, "Yallaɓai, kada yawansu ya ɗaga maka hankali, mu fara auna batir tukuna." Batirin da ya cika ya kamata ya nuna bolt 12.6 idan mota na kashe, wannan kuwa 11.9 ya nuna, ko da yake altaneta tana ba da 14.1 idan injin na aiki, wato laifin ba na caji ba ne. Idan batir ya yi rauni, wuta kan faɗi ƙasa sosai a lokacin kik, kowace kwamfuta sai ta rubuta cewa ta ga matsala alhali lafiyarta ƙalau. An sa sabon batir, an goge lambobin gaba ɗaya, aka ci gaba da hawan motar, kuma mafi yawansu ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo su ne na gaskiya: P0171 da P0174, masu nuna iska ta yi wa fetur yawa a ɓangarorin injin biyu, da ƙorafin cewa famfon iskar ƙafafu yana daɗewa yana aiki, da wata lamba ta sensar gudu a cikin giya.

An kuma auna matsin silinda takwas ɗin, kuma bambancin da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni bai kai kashi 10 cikin 100 ba. A kan wannan sakamako na yanke shawarar ci gaba, domin da zuciyar injin ta gaji, da babu dalilin kashe kuɗi a kan sauran.

6 ga Afrilu, 2024

Littafin sabis na motar cike yake da hatimi har zuwa wajen kilomita 150,000, daga nan kuma shafukan fari fat ne. Wannan shi ne tarihin mafi yawan motocin alfarma: mai ita na farko yana kai ta sabis a kan kari, na biyu yana ƙoƙari, na uku da na huɗu kuwa sun saye ta ne saboda araha, don haka sai abin da ya tsayar da ita a hanya suke gyarawa. Duk abin da suka ɗage yana nan yana jiran wanda ya zo daga baya.

Saboda haka aka canza duk wani ruwa da ke cikinta ban da man giya, wanda na ware masa lokacinsa. Injin ya sha baƙin mai kusan lita 8, wato ninki biyu na abin da ƙaramar mota ke sha, kuma dole ne ya zama mai ingancin da littafin motar ya ƙayyade. Man birkin da aka zuƙo ya yi duhu, kuma wannan ba batun kyan gani ba ne, domin man birki nau'in DOT 4 yana tsotsar danshi daga iska; sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma ma'aunin wanda ya sha danshi digiri 155 ne kawai, kuma mota mai nauyi tana dafa birkinta da sauri a gangare. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko da motar ba ta yi tafiya ba. An sa sababbin fulogi, da matatar iska, da ta fetur, da ta cikin ɗaki. Wannan aiki haɗe da batirin ya ci 9.

27 ga Afrilu, 2024

Ƙafafun iska su ne abin da ya fi tsorata masu sayen waɗannan motoci, kuma su ne suka fi cin kuɗi zuwa yanzu. Alamar a fili take: idan motar ta kwana, da safe za a tarar ƙafar gaba ta hagu ta durƙusa har bakin jikin motar yana neman taɓa taya, idan an tayar da injin kuma sai a ji famfo yana gurnani na ɗan lokaci kafin ta miƙe.

Yadda tsarin ke aiki shi ne, a maimakon ƙarfen sifirin da aka saba gani, kowace shokozoba tana da balan-balan na roba mai kauri da aka cika da iska. Famfon lantarki ne ke tara iskar a wani tanki, akwatin bawul-bawul yana rarraba ta zuwa ƙafafu huɗu, sensoshi kuma suna sanar da kwamfuta tsayin kowace kusurwa. Robar tana naɗewa tana warwarewa a wuri ɗaya duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, kuma bayan shekara ashirin a daidai wannan lanƙwasa take tsagewa. Da aka fesa ruwan sabulu a kan ta hagun, ƙananan kumfa suka jeru a layi ɗaya suna tasowa a hankali, da aka ciro ta kuma aka lanƙwasa robar da hannu, sai ga tsage-tsage sirara sun zagaye ta, har zaren da ke ciki yana leƙowa a wurare biyu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ɓarnar da wannan ƙaramin yoyo ya jawo a wani wuri. Famfon iskar an ƙera shi ne ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta, amma idan akwai yoyo sai ya yi ta aiki babu ƙaƙƙautawa, ya yi zafi, zoben fistinsa ya cinye, ƙarfinsa ya ragu, sai ya ƙara daɗewa yana aiki, zafin kuma ya ƙaru. Ƙwayoyin da ke busar da iska a cikinsa suna jiƙewa, danshi ya wuce zuwa bawul-bawul. Rilen da ke kunna shi ma bakinsa kan ƙone, wani lokaci ya manne, famfon ya ci gaba da gudu ko an kashe mota har sai ya ƙone ko batir ya mutu. A wannan motar famfon bai mutu ba tukuna, amma ba ya iya cika tankin a cikin lokacin da kwamfuta ta ƙayyade masa, wanda shi ne asalin lambar da muka gani a watan Maris. Da an canza balan-balan ɗin a lokacin da motar ta fara durƙusawa, da famfon yana nan da ƙarfinsa.

Hanyoyi uku ne a gabana: sababbin shokozoba na asali, ko na asali da aka sabunta musu roba, ko a cire tsarin iskar ɗungurungum a sa sifirin na ƙarfe. Ta ukun ta fi araha idan aka dubi shekaru masu zuwa, kuma ban ga laifin wanda ya zaɓe ta ba, amma a ganina laushin tafiyar nan da yadda motar ke daidaita kanta ko an cika ta da kaya su ne dalilin mallakarta tun farko, wanda ya cire su ya rage da shan mai da tsadar taya kawai. Na ɗauki ta biyu, aka canza na gaba duka biyun domin shekarunsu ɗaya, tare da famfo da rile. Jimilla 21.

11 ga Mayu, 2024

Motar tana kwana a tsaye yanzu, kuma an auna tsayin kusurwoyi huɗun da yamma da kuma washegari ba a ga bambanci ba. Famfon ba a jin sa sai na ɗan lokaci bayan an tayar da injin. Shokozoban baya biyun an fesa musu ruwan sabulu ba su yi kumfa ba, amma robarsu ta bushe, don haka na rubuta su a cikin abubuwan da ke tafe.

8 ga Yuni, 2024

Sabon batirin ya fara rauni idan motar ta yi 'yan kwanaki ba a taɓa ta ba, kuma a lokaci guda gilasai suka riƙa yin hazo daga ciki da safe. Waɗannan alamu biyu ashe tushensu ɗaya. Kafet ɗin gaba na ɓangaren fasinja ya bushe a sama, amma da aka ɗaga shi, sai aka tarar soso mai kauri da ke ƙarƙashinsa, wanda aka sa domin hana ƙara shiga ɗaki, ya jiƙe sharkaf, ana matsa shi ruwa na fita. A motocin alfarma a irin waɗannan wurare ake ɓoye kwamfutoci da mahaɗar wayoyi, ƙarƙashin kafet, ƙarƙashin kujera da gefen but.

Ruwan ya shigo ne daga magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, wadda ganyaye da ƙura suka toshe har ta zama laka, ruwan sama ya taru ya malala ta ƙofar da fanka ke jan iska. An buɗe ta, an kuma bi siraran tiyo da ke sauke ruwa daga tagar rufi, aka tarar ɗaya a toshe.

Batun batirin kuwa, mota irin wannan ba ta mutuwa nan take idan an cire makulli, kwamfutocinta suna ɗaukar wasu mintuna kafin su yi barci ɗaya bayan ɗaya, bayan haka wutar da take ja bai kamata ta wuce kimanin miliamfiya 50 ba. Wannan tana jan kusan 400, kuma ba ta sauka ko an jira. Mai gyaran wutar ya bi fis ɗaya bayan ɗaya yana aunawa ba tare da ya zare su ba, domin zarewa da mayarwa kan tayar da kwamfutocin a koma farko, har ya kai ga wata ƙaramar kwamfuta da ke ƙarƙashin kafet ɗin nan. Bakin soket ɗinta ya yi tsatsa mai launin kore, kuma ta wannan tsatsa wuta ke tsallakawa tana hana layin gaba ɗaya barci. An wanke soket ɗin, an canza ƙarafunan bakinsa da suka ci, an shanya soson har ya bushe, kwamfutar kuma ta tsira. Aikin ya ci 3, kusan dukansa ladan aiki ne. Da ruwan ya shiga cikinta, da sai an nemo wata, a kuma saita ta da kwamfutar bincike kafin motar ta karɓe ta, kuma wannan duka saboda magudanar da za a iya sharewa da hannu.

20 ga Yuli, 2024

Injin bai taɓa yin zafi ba, amma ruwan lagireto yana raguwa kaɗan-kaɗan, kuma akwai wani farin busasshen tabo a gefen tankin ruwa da kuma inda ledar lagireto ta haɗu da alminiyam. Masu ƙera motocin wannan zamani sun yi amfani da leda mai tauri a tankin ruwa, da gefunan lagireto, da mahaɗar tiyo, kuma wannan leda tana rayuwa ne a cikin zafin da ya kai wajen digiri 90 da matsin da ya haura bar ɗaya a ma'aunin matsi, tana zafi tana hucewa kullum, har ta bushe ta yi gautsi. Da bakaniken ya kama wani ƙaramin bakin tiyo zai zare, sai ya karye a hannunsa kamar busasshen kara.

Ban yarda a bi su ɗaya bayan ɗaya ba, domin ledar ba ta ba da sanarwa, fashewa take yi a lokaci guda ruwan ya zube cikin 'yan mintuna, kuma kan injin na alminiyam ne, idan ya yi zafi sosai sai ya lanƙwashe gaskit ya ƙone, injin V8 kuma kai biyu gare shi. Akwai wani dalilin kuma: man giya yana bi ta cikin lagireton domin ya huce, kuma idan bangon da ya raba su ya huje, ruwa ya gauraya da man, giyar ce za ta tafi. Tunda sai an kwance gaban injin ko da abu ɗaya za a canza, aka haɗa lagireto, da tankin ruwa da murfinsa, da tamostat, da famfon ruwa, da manyan tiyo, da fanbel, ladan aiki ya zama ɗaya. An zuba ruwan lagireto na ƙa'ida, ba ruwa zalla ba, domin ruwa zalla yana cin alminiyam kuma yana saurin tafasa. An kashe 8.

31 ga Agusta, 2024

Giyar tana ɗan fizga idan za ta tashi daga ta biyu zuwa ta uku da sanyin safiya, kuma akwai ranar da ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canzawa har sai da aka kashe injin aka sake tayarwa. Wannan maƙalewa dabara ce ta kwamfutar giya, idan ta rasa sahihin bayani sai ta tsaya a giya ɗaya domin ta kare kanta, kuma mutane da yawa a daidai nan suke yanke hukuncin cewa giya ta mutu.

A shekarun da aka ƙera waɗannan motoci an yi yayin cewa man giya na tsawon rayuwar mota ne, ba a canza shi, har wasu ba a sa musu sandar auna mai ba. Tsawon rayuwar da ake nufi bai kai shekara ashirin da kilomita 200,000 ba. Da aka sauke farantin ƙasan giyar, man ya fito ruwan ƙasa mai duhu a maimakon ja, amma ba ya ƙaurin ƙuna, kuma abin da ya manne a jikin maganaɗisun farantin laushin toka ne mai santsi a yatsa, babu ɓarɓashin ƙarfe. Wannan ya nuna cikin giyar bai ci ba.

Matsalolin biyu ne, kuma duka ƙanana. Sensoshin da ke auna gudun juyawa a cikin giyar suna ba da bayani mai yankewa, sannan zoben robar da ke toshe bakin soket ɗin wayoyi ya bushe, mai yana fita ta nan. Wannan yoyo yana da wata illa da ba kowa ya sani ba: man yakan bi ta tsakanin siraran zaren wayar yana hawa a hankali har ya isa kwamfutar giya. Da aka zare soket ɗin da ke can ɓangaren kwamfutar an tarar da danshin mai a bakinsa, amma bai shiga ciki ba. An canza sensoshin da soket ɗin da matata da gaskit, an zuba sabon mai, an auna shi a zafin da littafi ya ƙayyade, domin man giya yana kumbura da zafi. Sauke faranti ba ya fitar da man duka, kusan rabi yana zama a ciki, don haka za a maimaita canjin nan gaba. Fizgar ta tafi. An kashe 6, alhali farashin da aka faɗa mini na sabunta giyar gaba ɗaya ya kusa 50.

5 ga Oktoba, 2024

Lambobin P0171 da P0174 sun daɗe suna jira. Al'adar da aka saba ita ce a ɗora laifin a kan sensar da ke auna iskar shiga injin a sayo sabuwa, amma tunda ɓangarorin biyu ne ke ƙorafi tare, kuma ƙorafin ya fi yawa idan injin na silo, zato ya fi ƙarfi a kan iskar da ke satar hanya. An hura hayaƙi a cikin bututun iska, sai ga shi yana fita ta wasu tiyo biyu na numfashin injin da suka tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Sensar lafiyarta ƙalau. Barin injin yana aiki a haka yana kai shi ga tsallake wuta, ɗanyen fetur ya wuce salansa ya ƙone matatar hayaƙi, wadda tana cikin sassa mafi tsada a motar saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta.

A aiki ɗaya aka canza gaskit ɗin murafun bawul, waɗanda ke ɗigar da baƙin mai a kan bututun hayaƙi har ana jin ƙauri a tsaye. Man da ya daɗe yana gangarowa ya jiƙa mazaunan injin guda biyu, waɗanda roba ce mai ruwa a ciki, kuma dukansu sun zauna, ruwan ya tsiyaye. Bayan an canza su, karkarwar da nake ji a sitiyari idan an tsaya, wadda na ɗauka halin motar ne, ta ɓace ƙwarai. Wannan ya ci 7.

16 ga Nuwamba, 2024

Nauyin motar ya doshi tan biyu, kuma duk abin da ke tsakanin jikinta da kwalta shi ke ɗaukar wannan nauyi. Ƙafar gaba ba hannu ɗaya gare ta ba, hannuwa ne da dama na alminiyam a kowane gefe, kowanne da bushin ɗinsa da boljoyin, kuma a wasunsu boljoyin ɗin haɗe yake da hannun, ba a canza shi shi kaɗai. An tarar da wasa a na ƙasa biyu, abin da ya bayyana ƙwanƙwasar da ake ji a hanya marar kyau da kuma yadda tayoyin gaba suka cinye ta ciki alhali ta waje suna da sauran zane.

Tayoyin baya zanensu ya fi milimita 1.6, iyakar da dokar ƙasashen Turai ta amince da ita, amma lambar da ke gefensu 2316 ce, wato an yi su a mako na 23 na shekarar 2016, kuma gefunansu sun fara tsagewa. Faya-fayan birkin gaba kuma sun sauka ƙasa da kaurin da aka buga a jikinsu. An bi aikin bisa tsari, hannuwan ƙafa da farko, sannan birki, sannan tayoyi da saita ƙafa a rana ɗaya, domin sabuwar taya a kan ƙafar da ke wasa asarar kuɗi ce. Tayoyin dole su dace da lambar nauyi da ta gudu da aka rubuta wa motar, kuma wannan kaɗai ya fitar da masu araha daga lissafi. An kashe 17.

11 ga Janairu, 2025

Jimillar gyara daga Maris zuwa yau ta kama 71 bisa ma'aunin 100 na kuɗin saye, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan ladan aiki ne, domin a irin wannan mota kafin a kai ga abu guda sai an kwance uku. Abin lura a cikin lissafin shi ne babu ko sisi da ya shiga cikin zuciyar injin ko haƙoran giya. Mafi yawan abin da aka canza roba ne, ko leda, ko ruwa, ko waya, ko kuma abin da ɗayan waɗannan ya lalata saboda an bar shi ya daɗe. Idan zan sayar da motar yau, kasuwa ba za ta mayar mini da ko rabin 71 ɗin ba, domin mai saye shekarar ƙira da mita yake dubawa.

Fetur lissafinsa daban ne kuma ba ya raguwa da gyara sai kaɗan. Bisa awon da nake yi daga cika tanki zuwa cika tanki, motar tana shan kimanin lita 17 a kowace kilomita 100 a cikin gari, da kimanin 11 a doguwar hanya, kuma kafin a toshe tiyon da ke satar iska ta fi haka. Inshora da haraji sun danganta da ƙasa, amma inda ake sa haraji bisa girman injin ko yawan hayaƙi, tsufan motar ba lallai ya sauƙaƙa wa mai ita ba. Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga takarda, wato kwanakin da motar ke zaune ana jiran kayan gyara su iso, wanda ya sa ban ga hikimar mutum ya riƙe irinta a matsayin motarsa tilo ba.

Ayyukan da suka rage su ne shokozoba biyu na baya, da maimaita canjin man giya, da robar da ke haɗa furofela da giya wadda ta fara tsagewa, da wata tsatsa da ta kumbura fenti a ƙasan ƙofar baya ta dama. Wanda ya fi damuna shi ne na'urar sanyaya ɗaki, domin gas ɗinta na R134a yana raguwa, kuma rinin da aka zuba domin gano yoyo bai bayyana a ko'ina cikin ɗakin injin ba, abin da ke nuna ɓangaren da ke ɓoye a bayan dashbod. Idan haka ta tabbata, kayan ba su da tsada sosai, amma sai an sauke dashbod ɗin gaba ɗaya kafin a kai gare su. An tsayar da farkon watan Fabrairu domin a gwada da na'urar shinshinar gas a bakin magudanar ruwan na'urar, kuma sakamakon wannan gwaji ne zai nuna ko shokozoban baya za su riga shi ko za su jira.